Baƙin fitilar shagona

Shagona yana Aboabo, nan Kumasi, sana'ata kuwa surfani, gadon gidanmu. Duk wanda ya zauna kusa da mai wannan aiki ya san daga goma ga azumi har daren jajibere ba mu san barci ba. A sha ruwa, a yi asham, a dawo kan keke har sahur. Doguwar fitila ce a saman ƙofata, bangon kuma fari, to da zarar dare ya raba sai baƙi su fara sauka: ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, matsakaita masu launin ƙasa, wani sa'in wani ƙato ya faɗo tim a kan teburin yanka. Shekara fiye da ashirin, abin da ke tsakanina da su bai wuce in kaɗe su da bayan hannu ba, don kada garin fukafukansu ya ɓata shaddar mutane. Sunansu ɗaya a bakina, faɗa-wuta. Na rana malam-buɗe-littafi, mai cin tufa asu, tsutsa mai gashi gizaka, sauran kuwa tsutsa kawai. Iyakar sanina ke nan, kuma ban taɓa jin ya gaza mini ba.

Azumin 2017 ya faɗo cikin damina, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Wani dare ina tsaka da wuyan wata riga sai ga hoto daga ƙanina mai noman masara a Ejura, da saƙon murya biye da shi: "Yaya, dubo mini wannan abu a intanet. Gonar kowa haka take, kamar an bi ganyen da dakusasshen almakashi." A hoton akwai kan masara an buɗe shi, cike da wani abu kamar garin katako mai laima, ga tsutsa kwance a ciki. Na ajiye allura na shiga nema, ban tashi ba sai da aka kira assalatu. Ashe baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, sunanta Spodoptera frugiperda. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, kafin shekara ta zagayo ta shigo Ghana, a 2017 kuma ta yi ɓarnar da manoma ba za su manta ba. Uwarta faɗa-wuta ce mai launin toka, irin wadda nake kaɗewa kullum ban kula ba. Takan yi tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya in iska ta taimake ta, takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda ta rufe su da wani laushin gashi daga jikinta.

Abin da ya kama ni a daren nan shi ne yadda ake gane ta. A goshinta akwai zane mai haske kamar harafin Y a kife. A gaɓar kusa da ta ƙarshe kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu a jere biyu-biyu, tamkar maɓalli mai ido huɗu. Da na buɗa hoton ƙanina da yatsu biyu na ga maɓallin nan a zaune daram, sai na ji irin daɗin da nake ji in zane ya haɗu daidai a ƙirjin riga. Idon da ya saba bambanta aska biyu da aska takwas tun daga nesa, ashe yana da wani amfanin. Daga ranar na daina kaɗe baƙina. Na fara ɗaukarsu hoto.

Damina ta sake zagayowa, kuma a cikinta na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Ƙanina ya turo wani hoton, tsutsotsi jibge a kan ganye, hoton ya ɗan yi hazo. Aikin Salla ya sha mini kai, na duba sau ɗaya na ce masa ita ce, ya yi maza ya yi feshi. Ya ɗebi kuɗin da ya tanada na taki ya sayi magani, ya ɗauki 'yan ƙwadago. Sai bayan Salla na zauna na sake duba hoton a natse, gabana ya faɗi. Ganyen ba na masara ba ne. Jijiyoyinsa sun yi rassa irin na ganyen itace, na masara kuwa a miƙe suke tafiya daga gindi zuwa tsini. Tsutsotsin suna da gashi, ita kuwa kusan sumul take. Sannan sun fi talatin a wuri ɗaya, duk manya, alhali ita in ta girma cin 'yar'uwarta take yi, shi ya sa da wuya ka sami fiye da ɗaya ko biyu a kan masara guda. Na kira shi, ya ce lalle a wani itace na bakin gona ya ɗauka, ya zaci daga nan za su sauko. "Ba komai, Yaya, haka Allah ya rubuta." Ya yafe mini nan take. Amma masararsa ta wannan shekarar ta tashi ba isasshen taki, kuma na san bakin wa ya jawo.

Ba ƙananan mutane irina kaɗai abin ke ruɗawa ba. A Janairun 2009 tsutsotsi sun mamaye ƙauyuka a Laberiya, suka ɓata rijiyoyi da kashinsu, har shugabar ƙasar Ellen Johnson Sirleaf ta kafa dokar ta-ɓaci. Da farko an ɗauka tsutsar nan ce ta Afirka mai tafiya runduna tana cin hatsi. Sai da masana suka riƙe ta a hannu suka tabbatar wata ce daban, Achaea catocaloides, wadda ta fi zama a kan itatuwa, kuma yadda ake tunkarar kowacce daban ne. Tun da na karanta wannan na sa wa kaina doka: ba na faɗin suna sai na ga abin da zan dogara da shi.

Yanzu mutanen unguwa sun san halina, hotuna suna zuwa mini ta WhatsApp daga wajen 'yan'uwa, abokan ciniki, har da yaran makarantar dare. Tambayata ta farko ba ta canzawa: a kan wane ganye ka same ta? Tsutsa ba kamar akuya ba ce da za ta ci duk abin da ta tarar. Da yawansu ganyen dangin tsiro ɗaya suke ci, su gwammace su mutu da yunwa da su taɓa wani. Wanda ya gaya mini ganyen lemo ne, ko na gauta, ko na mangwaro, ya rage mini rabin aiki. Sai girma. Ni tef ɗin awo nake shimfiɗawa kusa da ita, wanda ba shi da tef ya aza kwabon sidi ɗaya ko biro. Ba tare da haka ba, abu mai tsawon ƙwayar shinkafa da mai tsawon yatsa duk ɗaya suke a fuskar waya.

Sannan ina roƙon a ɗauko ta gefe, a sunkuya har waya ta yi daidai da ganyen, domin a ƙirga ƙafafu. Tsutsar faɗa-wuta da ta malam-buɗe-littafi tana da ƙafa shida masu tsini a gaba, sai wasu masu taushi kamar dunƙulen nama, waɗanda ba sa wuce biyar a kowane ɓangare: huɗu a tsakiya, ɗaya a wutsiya. Akwai wani dangi da nasu biyu ne kacal can baya, shi ya sa suke tafiya suna lanƙwashewa suna miƙewa kamar mai awon yadi da taƙi. In masu taushin sun haura biyar, to ba ta cikinsu, dangin rina da zuma ce. Wani dattijo mai sayar da goro ya taɓa kawo mini tsutsar goro a cikin ganye ya ce, "Malam, wane faɗa-wutan ne uban wannan?" Muka duba tare: fara, a lanƙwashe, kai ja-ja, ba ƙafa ko ɗaya. Na ce, "Baba, wannan ba ruwanta da fitilata. 'Yar wani ƙwaro ce mai dogon baki da tauraren baya." Ya yi shekara hamsin yana tsince ta daga huhun goro.

Su manyan, ɗaukarsu ya fi sauƙi, don su ke kawo kansu. Nakan rataya farin yadi kamu uku a bayan shago in haska shi. Na lura daren duhun wata, mai zafi da laima, musamman in an yi ruwa da rana, ya fi kowane dare albarka. In farin wata ya cika, ko hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, sai ka kwana ka ga 'yan ƙalilan. Lokacin da na canza doguwar fitila na sa sabon ƙwai mara cin wuta, baƙina suka ragu sosai. Daga baya na gane tsohuwar tana fitar da wani haske da idonmu ba ya gani amma nasu yana gani, sai na mayar da ita. Malaminmu na allo, Allah ya jiƙansa, in ya zo Suratul Ƙari'a yakan nuna mana su a jikin aci-balbal don mu gane misalin da aka yi da su. Me ke kai su wuta kuwa? Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka, ya nuna ba son hasken suke ba. Ɗabi'arsu ce su juya bayansu ga wuri mafi haske don su san ina ne sama. In fitila ta fi sararin sama haske, sai su yi ta karkata bayansu gare ta, su yi ta kewaya ta har su gaji. Da na san haka, na fara kashe fitilar bayan shago da zarar na gama ɗauka.

Wajen ɗauka, nakan so guda ta sama fukafukai a shimfiɗe, guda ta gefe, in kuma ya sauka a gilashin taga sai in zagaya in ɗauko cikinsa. Hasken kyamarar waya yana wanke zanen fiffike, don haka yaron shagona ke riƙe mini tocila daga gefe, da farin ƙyalle a bakinta. Launi kuwa ban cika amincewa da shi ba. Mai ɗinki ya san yadda zare ke canza fuska tsakanin hasken shago da hasken rana, ga shi faɗa-wutan da ya kwana biyar yana yawo garinsa ya kakkaɓe ya koɗe. Zane da siffa sun fi launi gaskiya: inda layi ya taso, inda ya lanƙwasa, yadda yake riƙe fukafukansa in ya zauna, kamar rufin ɗaki ko a buɗe ko a naɗe kamar sigari. Sai gashin nan biyu na goshi. Na malam-buɗe-littafi yana da dunƙule a tsini kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kamar zare yake, ko kamar matsefi. Wannan ya fi batun dare da rana tabbas, don akwai faɗa-wutan da da rana tsaka suke yawo, da launi mai ɗaukar ido.

Hotunan ina ɗora su a manhajar iNaturalist, wadda aka fara a 2008 a Amurka. Kana sa hoto da wuri da rana, na'ura ta ba ka shawarar suna, sannan mutane daga ko'ina su duba su amince ko su gyara. In fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka haɗu a kan suna ɗaya, sai hoton ya shiga rumbun bayanan halittu na duniya, GBIF, inda masu bincike ke ɗiba. Shawarar na'urar kuwa a yi hattara da ita. Da hotunan da aka fi ɗora mata ta koyi aiki, mafi yawansu daga Amurka da Turai, don haka sau da yawa takan ba wa ɗan Aboabo sunan wani mai kama da shi da bai taɓa ƙetare teku ba. Sunayen na Latin ne, kalma biyu: ta farko kamar sunan gida, ta biyu kamar sunan yanka, a samansu kuma akwai dangi. Nau'in waɗannan halittu da aka riga aka raɗa wa suna sun haura 150,000, kusan tara cikin goma faɗa-wuta ne, kuma a dazuzzukanmu akwai waɗanda ba a kai ga raɗa musu ba. Wasu biyun ma ba a raba su sai an fiɗa an duba al'aurarsu a madubin likita, ko an gwada ƙwayar halittarsu. Saboda haka fiye da rabin hotunana a sunan dangi suka tsaya, wasu a sunan gida. Da farko abin yana damuna. Yanzu na fi girmama mai dubawan da ya tsaya inda hoton ya tsaya a kan wanda ya ƙarasa da ka.

Tsutsa ta fi wahala, don tana saɓa kamar maciji, galibi sau huɗu ko biyar, kuma kowace saɓa tana iya zuwa da sabuwar kama. A bishiyar lemon tsamin gidanmu akwai wadda tana ƙarama sak kashin tsuntsu, baƙi da fari har da sheƙi, in ta girma ta koma kore shar. In ka taɓa ta sai ta fito da wani abu mai reshe biyu ruwan lemo daga bayan kanta, mai wari. Wata uku ina ɗaukarsu a matsayin halitta biyu, ashe ɗaya ce, Papilio demodocus, kuma ba ma faɗa-wuta take zama ba, babban malam-buɗe-littafi ne baƙi mai ɗigon rawaya. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka rene ta ka ga abin da za ta zama.

Wadda na fara reno, mai ɗakina ce ta tsinto ta. Tana gyaran kontomire, ganyen gwaza da muke miya da shi a nan, sai na ji ta yi salati ta yar da wuƙa. "Maigida, zo ka ga maciji a cikin ganye!" Na zo na tarar da tsutsa koriya, kauri kamar ɗan yatsana, tsawonta ya kusa inci uku a tef, da tsinke guda a tsaye a wutsiya. Da na matsa kusa sai ta janye kanta ciki, gabanta ya kumbura, wasu manyan idanu biyu suka bayyana suna kallona. Zane ne kawai a fata, a bayansu ma akwai wasu biyu ƙanana masu rawaya, amma ko ni da na sani sai da na ja hannu. Ɗiyata, lokacin tana aji huɗu na firamare, ta ce, "Baba, kada a kashe ta." Muka wanke babbar roba, muka zuba ƙasa da busasshen ganye a ƙasa, muka rufe bakin da guntun gidan sauro. Kullum da safe ɗiyata ta sa sabon ganyen kontomire ta kwashe kashin, wanda yake ƙwaya-ƙwaya da tsaga a jiki kamar an sassaƙa.

Kwana huɗu tana ci ba ƙaƙƙautawa, in dare ya yi shiru har ƙarar cin kana ji. Rana ta biyar ta daina ci, launinta ya dushe, ta yi ta kewaya robar kamar mai neman ƙofa, sannan ta shige ƙarƙashin busasshen ganyen ta ɗinke shi da 'yan zarurruka. Da muka ɗaga bayan kwana uku, ba tsutsa, sai wani abu ruwan ƙasa mai tsini kamar ƙwallon dabino, in ka taɓa shi ya motsa wutsiya. Mako biyu da 'yan kwanaki ba labari, har mai ɗakina ta ce a zubar. Wata magariba ɗiyata ta rugo shago ba ko takalmi. Muka tarar da shi maƙale a jikin gidan sauron, fukafukansa a cukurkuɗe kamar yadin da aka matse aka manta. A gabanmu suka riƙa miƙewa a hankali, cikin abin da bai kai rabin awa ba suka zama dogaye masu tsini, da layin azurfa ya ratsa kowanne daga gindi zuwa ƙarshe, ƙananan fukafukan baya kuma ja mai haske kamar cikin gwaiba. Na ɗauke shi ta sama da ta gefe, na haɗa da hotunan tsutsar da na ganyen. Kafin gari ya waye mutum uku sun amince: Hippotion celerio. Bayan isha muka buɗe robar, ya yi ta kaɗa fukafukai a wuri ɗaya yana ɗumama jiki, sannan ya tashi kamar an harba kibiya.

Ba kullum ake dacewa ba. Sau biyu na reni tsutsa har ta shige, maimakon faɗa-wuta sai ƙudaje masu gashi suka fito. Uwarsu ta riga ta sa mata ƙwai tun tana kan ganye, 'ya'yan suka cinye ta ta ciki. Ɗiyata ta yi kuka. Amma irin waɗannan ƙudaje da ƙananan rina su ne ke rage tsutsa a gona ba da kuɗin kowa ba, kuma feshin da na sa ƙanina ya yi bai bar su ba.

Akwai wanda ke firgita mutane in ya shigo gida. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni da dare, na tarar ta rufe shi da kwano tana ta karanta addu'a, ta ce kan mutum ne a bayansa kuma kuka yake. Gaskiyarta. Acherontia atropos yana da zane a gadon baya kamar ƙoƙon kan mutum, faɗinsa yakan kai santimita 12, in an taɓa shi yakan yi ƙara kamar ɓera. Na ce, "Inna, ba ya cizo, ba ya harbi. Ɓarawon zuma ne kawai, amya yake shiga ya sha." Tsutsarsa ganyen gauta da dangin tumatir take ci, kuma akwai gauta a bayan ɗakinta. Wadda ya kamata a ji tsoro ba ta da ban tsoro a ido: 'yar gajeriya, koriya, a baje kamar an manna ta a ƙarƙashin ganyen mangwaro ko na kwakwar manja, da tuntun ƙayoyi a jiki. In ta taɓa fata zafinta kamar an ɗiga wuta. Duk mai gashi ko ƙaya, da tsinke nake juya ta.

Na bar abin da ya fi taɓa zuciyata zuwa nan. Kakana fataucin goro ya kawo shi Kumasi daga ƙasar Zazzau, mahaifina kuma da hannu yake ɗinkin riga, da zaren tsamiya. A cikin adakarsa har yanzu akwai ragowar curi biyu. Launinsa kamar shayi mai madara, ba ya sheƙi irin na siliki na kanti, yana da ɗan kaushi, kuma ba ya tsufa. Yakan ce mini tsutsa ce ke yinsa a daji, a kan tsamiya da doka, mata su dafa gidan da ruwan toka, su wanke, su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Yarbawa da irinsa suke saƙa tufar da suke kira sanyan. Na yi shekaru ina jin wannan kamar tatsuniya, ban taɓa tambayar kamannin tsutsar ba, har Allah ya yi masa rasuwa. Sai da na shiga wannan harka na gano gidansu Anaphe da makusantansa. Sun bambanta da tsutsar silikin Sin, wadda kowacce ke saƙa ƙwansonta ita kaɗai a warware zaren tiryan-tiryan. Waɗannan taro suke rayuwa, taro suke saƙa gida ɗaya, kowacce da ɗakinta a ciki, shi ya sa ba a warware shi, sai dai a kaɗa.

Wani Satumba na rufe shago na hau trotro, motar hayarmu ta nan, na bi hanyar Accra, na wuce Ejisu na sauka a Kubease, na shiga dajin Bobiri, inda aka ƙirga nau'in malam-buɗe-littafi wajen 400. Mutane don su suke zuwa, ni kuwa ƙasan ganye da jikin itatuwa nake bi. Can wajen la'asar mai yi mini jagora ya tsaya a gindin wani dogon itace ya ce sunansa wawa, mai farin katakon nan mara nauyi da ake sayarwa a kasuwar katako ta Sokoban. A jikinsa ga gizaka a jere suna saukowa, kan wannan a wutsiyar waccan, layi ɗaya kamar an ja zare da allura, dogon farin gashinsu yana motsi a iska. Na shimfiɗa tef a jikin ɓawon, hannuna yana rawa. Na ɗauki ta sama, ta gefe, layin gaba ɗaya, ganyen da ya faɗo, har da itacen daga nesa. Mai jagoran ya ce in yi nesa da gashin, ƙaiƙayinsa yana kwana.

Da na ɗora, wani ya rubuta Anaphe. Wani ya ƙara da cewa tunda a kan wawa ne, mai yiwuwa Anaphe venata ce, wadda masu kula da daji a Ghana suka sani da cinye ganyen wannan itace. Na farkon ya ce ba zai sa hannu a kan sunan yanka ba sai ya ga babban. Har yau a sunan gida hoton yake. Bambancin kuwa ba na takarda kawai ba ne. A kudu maso yammacin Najeriya, wajen ƙasar Ijesha, ana cin Anaphe venata da damina, kuma likitoci sun gano ita ke jawo wata makyarkyata da tangaɗi da ke kama mutane a wannan lokaci, saboda akwai wani sinadari a jikinta da ke lalata bitamin B1. Alhali tsutsar kaɗanya, wadda mutanen Bobo-Dioulasso ke kira shitumu kuma ake ci a arewacinmu, daga wani dangi take daban, abinci ce da ake busarwa a kai kasuwa.

Abin da na gani a Bobiri 'yar'uwar tsutsar Baba ce, amma ba zan ce ita ba ce, don tasa ta dajin arewa ce. Ɗan ƙanwata yana karatu a Zariya, na daɗe ina damunsa. Watan jiya ya turo mini hoto daga wani ƙauye: wani abu ruwan ƙasa kamar tsohuwar jaka, a hannun wani tsoho da ya ce tun na mahaifiyarsa ne. Ba ganye, ba tsutsa, ba abin awo. Na buɗe adaka na ɗauko curin zaren Baba na aza a gefen wayar, ƙarƙashin doguwar fitila, ina gwada launin. Ya yi kusa ƙwarai. Na rubuta masa ya koma in ruwa ya zauna, ya roƙi tsohon ya kai shi gindin itacen, ya ɗauko mini ganyen gaba da baya, da tsutsar ta gefe, da biro a kusa da ita, kuma kada ya taɓa gashin. Ya amsa, "To, Kawu, sai mun gama jarrabawa."